Duniya na ƙara buƙatar abinci: shin da gaske akwai riba a noman ƙasashe masu tasowa?

Da wuya a yi taron tattalin arziki a ’yan shekarun nan a watse ba tare da wani ya miƙe ya tunatar da jama’a cewa mutanen duniya za su doshi biliyan 10 nan da 2050 ba, don haka duk wanda ya zuba kuɗinsa a noma kakarsa ta yanke saƙa. Shugabanni na faɗa, bankuna na faɗa, hatta masu tallan gonaki a intanet, waɗanda ke alƙawarin ninka wa mutum kuɗinsa kafin shekara ta zagayo, da wannan lissafi suke buɗe baki.

Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: shin yawan bakin da ke neman abinci shi ke nufin riba ga mai jari? In kuwa akwai ribar, a wace gaɓa take, kuma aljihun wa za ta faɗa: kamfanin da ya zo daga waje, ko gwamnati, ko manomin da ke duƙe a gona?

Yunwa daban, kasuwa daban

Nan ne ruɗanin ya faro. Idan masana tattalin arziki suka ce buƙatar abinci ta ƙaru, ba masu jin yunwa suke ƙirgawa ba. Suna nufin wanda ke son abu kuma yana da kuɗin saye. Wanda ya kwana da yunwa aljihunsa wayam, kasuwa ba ta san da zamansa ba.

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Amma abincin da ake nomawa a duniya, da za a raba shi daidai, ya wadaci kowa. Masanin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya samu kyautar Nobel a 1998, ya yi suna ne da nazarin yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a yankin Bengal a 1943. Ya nuna cewa babban abin da ya kashe su shi ne farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabo alhali ladan ƙwadagonsu na nan inda yake. Abincin na kasuwa, kuɗin saye ne babu.

Saboda haka mai jarin da ya kalli alƙaluman yunwa ya ɗauka kwastomomi ne ke jiransa, ya yi kuskuren lissafi tun daga farko.

To, me ke ingiza buƙatar?

Yawan jama’a shi ne wanda kowa ya sani. A 1960 mutanen duniya kimanin biliyan 3 ne, a Nuwamban 2022 suka cika biliyan 8, ana kuma hasashen biliyan 9.7 a 2050. Sai dai ƙaruwar ba ko’ina take ba. Yawan mutanen Chaina ya fara raguwa tun 2022, Japan da ƙasashen Turai da dama sun riga ta. Fiye da rabin ƙarin da ake jira kafin 2050 daga Afirka kudu da Sahara zai fito, sai wasu sassa na kudancin Asiya.

Amma abin da ya fi girgiza kasuwa ba haihuwa ba ce, sauyin cima ne. Mutum in ya samu wadata ba ya ninka yawan hatsin da yake ci, ciki ɗaya gare shi. Abin da yake yi shi ne ya ƙara nama, ƙwai, madara, mai, sukari da ’ya’yan itatuwa. Nama kuwa hatsi ne aka juya: kafin kaza ta ƙara kilo ɗaya sai ta ci kimanin kilo biyu na abinci, sa na kiwon turke kuwa yakan ci kilo shida ko fiye. Ke nan iyalin da suka koma cin nama a kai a kai sun ƙara wa gonakin duniya nauyi fiye da a ce an yi musu haihuwa.

Chaina ce ta nuna wa duniya wannan ƙarara. Daga 1980 zuwa yau, naman da mutum guda ke ci a can ya ninka fiye da sau huɗu. Har tsakiyar shekarun 1990 ƙasar na wadatar da kanta da waken soya. Yanzu tana sayo kimanin tan miliyan 100 a shekara daga waje, wato kusan kashi 60 cikin 100 na duk waken soyan da ake cinikinsa tsakanin ƙasashe. Mafi yawansa matse shi ake yi a cire mai, tunkuzar ta tafi wa aladu da kaji. Wannan sauyi na ƙasa ɗaya tak shi ya mayar da makeken dajin tsakiyar Brazil gonaki.

Sai zaman birni. Tun wajen 2007 mazauna birane suka zarce mazauna karkara a duniya, kuma ana sa ran za su kai kusan kashi biyu cikin uku a 2050. Ɗan birni ba ya noma abin da zai ci, saye yake yi, kuma yana son abin da ba zai ɓata masa lokaci ba: shinkafa gyararriya, fulawa, burodi, madarar gwangwani. Akwai kuma injuna da suka shigo sahun masu ci. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka man mota ake yi da ita, Indonesiya kuma ta wajabta gauraya manja a cikin man dizal.

Alƙalumman da ake yawo da su

A 2009 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce dole a ƙara yawan abincin da ake nomawa da kashi 70 cikin 100 kafin 2050. A 2012 ta mayar da shi 60. A wani rahoto na 2017, da aka sauya shekarar da ake aunawa daga ita, ya dawo kimanin 50. Har gobe za ka ji masu neman a ba su jari suna kawo na farkon, don shi ya fi tayar da hankali.

Kuma ko da buƙata ta ƙaru, ba dole ba ne farashi ya bi ta. Tun 1798 Thomas Malthus na Ingila ya yi gargaɗin cewa haihuwa za ta tsere wa noma. Abin da ya faru akasin haka ne. Daga 1961 zuwa yau mutanen duniya sun ninka fiye da sau biyu da rabi, hatsin da ake girbewa kuwa ya ninka fiye da sau uku. Ingantaccen iri irin wanda masanin noma ɗan Amurka Norman Borlaug ya samar na alkama a Meziko, da irin shinkafar da aka fitar a Filifin a 1966, haɗe da takin zamani da ban ruwa, su suka yi wannan aiki. Sakamakon haka, in aka cire tasirin hauhawar farashi, hatsi ya yi ta araha a mafi yawan ƙarni na 20. Mai ci ya ji daɗi, manomin da bai ƙara yawan abin da yake samu a hekta ba kuwa ya ji jiki.

Darasin mai jari a nan a fili yake. Ribar noma ba daga yawan masu ci take zuwa ba, daga iya samar da kaya a kan kuɗin da bai kai na abokin gasa ba take zuwa. Abokin gasar nan kuwa sau da yawa manomi ne a Amurka ko Turai da gwamnatinsa ke ba shi tallafi.

Dalilin da ido ya koma kan ƙasashe masu tasowa

Dalili na gaskiya shi ne giɓin amfanin gona. Manomin masara a Amurka na samun kimanin tan 11 a hekta guda. Matsakaicin hatsi a duniya wajen tan 4 ne. A Afirka kudu da Sahara kuwa kimanin tan ɗaya da rabi ne. A ƙasashen da suka ci gaba an kusa kai wa maƙura, ƙarin da ake samu a shekara ɗan kaɗan ne. A inda ake samun tan ɗaya da rabi, ana iya ninka shi ba tare da an share ko taku ɗaya na sabon daji ba.

Sanadin giɓin ba ɓoyayye ba ne. Takin zamanin da ake sa wa hekta a Afirka kudu da Sahara bai wuce kilo 20 ba a matsakaici, na duniya kuwa ya haura 100. Gonakin da ke samun ban ruwa a yankin ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali a Asiya sun zarce kashi ɗaya cikin uku. Sauran duk sama suke kallo.

Akwai dalili na biyu da ake yawan ambata, wanda ni a ganina ya fi cutarwa fiye da amfani: wai kashi 60 cikin 100 na ƙasar noman da ba a taɓa ba a duniya a Afirka take. Ko an yarda da lissafin, ƙasar nan ta taru ne a ƙasashe ƙalilan kamar Kongo, Angola da Sudan, wani sashenta kurmi ne, wani kuma nesa yake da titi ko tashar jirgin ruwa. Abin da ya fi muhimmanci, filin da ma’aikaci ya gani a taswira ya ce babu kowa a cikinsa, in ka je za ka tarar makiyaya na bi ta ciki da rani, mata na ɗebo itace da ganyen miya, wasu kuma sun bar shi ne ya huta. Rashin takarda ba shi ne rashin mai shi ba.

Abin da ya faru da aka yi rububin filaye

An taɓa gwada wannan hanya, kuma ba da daɗewa ba. Tsakanin 2007 da 2008 farashin abinci ya yi tashin da aka daɗe ba a gani ba. Farashin shinkafa ya ninka kusan sau uku cikin ’yan watanni bayan Indiya da Biyetnam sun taƙaita fitar da ita. An yi zanga-zanga a Masar da Kamaru da wasu ƙasashe, a Haiti har sai da kujerar firaminista ta tafi.

Ƙasashe masu kuɗi amma marasa ruwa ko fili suka tsorata. Saudiyya, wadda ta taɓa noma alkama a hamada har tana sayarwa waje, ta ga ruwan ƙarƙashin ƙasarta na ƙafewa, sai ta yanke shawara a 2008 ta janye daga noman alkamar sannu a hankali, ta ƙarfafa wa kamfanoninta gwiwa su nemi gonaki a ƙetare. Kamfanoni daga Asiya da Turai, da masu juya kuɗin fansho, su ma suka bazama.

Wanda ya fi yin amo shi ne na Madagaska. A ƙarshen 2008 labari ya fito cewa kamfanin Daewoo Logistics na Koriya ta Kudu na shirin karɓar hayar hekta miliyan 1.3 har shekara 99 don noman masara da kwakwar manja. Fushin jama’a kan batun na cikin abubuwan da suka rura rikicin da ya kifar da Shugaba Marc Ravalomanana a Maris na 2009, kuma wanda ya gaje shi, Andry Rajoelina, yana hawa ya soke cinikin. Da Bankin Duniya ya bi diddigin irin waɗannan yarjejeniyoyi, ya tarar a kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai aka fara noma. Da yawa daga cikin sauran an killace fili ne, an raba mutane da shi, sannan aka bar shi ciyawa ta cinye. Gonakin bini-da-zugu da aka yi ta buɗewa don yin man dizal a lokacin, akasarinsu haka suka mutu.

Abin ba sabo ba ne ma. A 1947 gwamnatin Birtaniya ta kwashi taraktoci da ma’aikata zuwa Tanganyika, wadda ke cikin Tanzaniya ta yau, don noman gyaɗa a miliyoyin eka. Ba a tsaya an auna ruwan sama da taurin ƙasar yadda ya kamata ba. A 1951 aka naɗe tabarmar shirin, an tafka asara. Masu kuɗi kan ɗauka noma abu ne da jari da inji za su iya tilasta wa, ƙasa da damina kuwa ba su san wannan zance ba.

Bayan wannan rububi ne, a 2012, aka amince da wasu ƙa’idoji na duniya kan haƙƙin mallakar ƙasa, waɗanda suka ce a tuntuɓi mazauna wuri kuma a mutunta mallakar gargajiya. Sai dai ƙa’idojin na ganin dama ne, babu kotun da ke hukunta wanda ya taka su.

Inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Kada a ɗauka labarin duk na asara ne. Brazil, wadda a shekarun 1970 ke sayo abinci daga waje, yau ita ke kan gaba wajen fitar da waken soya, sukari, gahawa da naman kaji. Amma ’yan kasuwa ba su ne suka fara ba. Gwamnati ce ta kafa cibiyar binciken noma ta Embrapa a 1973, ta tura ɗaruruwan matasa karatu waje. Masanan suka gano yadda za a kashe tsamin ƙasar yankin Cerrado, wato dajin nan na tsakiyar Brazil, da farar ƙasa, suka samar da irin waken soyan da ke jure yanayin zafi. Sai da aka yi wannan shimfiɗa jari ya biyo baya. Kuma nasarar ba ta zo a banza ba: kusan rabin dajin yankin ya tafi, filaye kuma sun taru a hannun manya. Da aka so kwafa tsarin a arewacin Mozambik a ƙarƙashin shirin ProSavana, ƙungiyoyin manoma suka yi tsaye, aka rufe shi a 2020.

Biyetnam ta bi wata hanyar. Ƙasar da ke fama da ƙarancin shinkafa, a 1988 ta sakar wa iyalai filaye su noma su sayar da kansu. A 1989 ta fara fitar da shinkafa waje. Yau ita ce ta biyu a noman gahawa a duniya, kuma ƙananan manoma ne ke yin mafi yawan aikin.

Misalin da ya fi burge ni shi ne madarar Indiya. Ƙungiyar masu kiwo ta Amul ta faro a garin Anand na jihar Gujarat a 1946, a 1970 kuma aka faɗaɗa tsarinta zuwa ƙasa baki ɗaya a ƙarƙashin jagorancin Verghese Kurien. Tsarin ba shi da wani sirri. Mace mai saniya ɗaya ko biyu za ta kai ɗan abin da ta tatsa wurin tarawa na ƙauye safe da yamma. A auna yawan madarar, a gwada maiƙonta a gabanta, a biya ta gwargwadon haka. Tanka mai sanyi ta kwashe zuwa masana’anta, masana’antar kuwa ta ƙungiyar ce, wato matar na da kaso a ciki. Likitan dabbobi da abincin shanu duk ta hanyar ƙungiyar suke zuwa. Da wannan Indiya ta zama ta ɗaya a samar da madara tun 1998, yanzu tana ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na madarar duniya. Ba a ƙwace filin kowa ba. An sa kuɗi ne a tsakanin mai tatsa da mai sha.

Tsakanin gona da tukunya

A nan ne nake ganin mafi yawan damar take, kuma nan ne aka fi yin sakaci. FAO ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na abincin duniya na lalacewa tsakanin girbi da isa kanti. A ƙasashe masu zafi, kayan gwari da kifi da madara sun fi haka nesa ba kusa ba.

A ɗauki buhun hatsi guda. Da kaka kowa ya girbe a lokaci ɗaya, kowa na da bashin taki a wuyansa, babu kuma wurin ajiya mai aminci, sai a kai kasuwa a karyar. Wanda ya ajiye, ƙwari su huda, danshi ya sa ya yi fumfuna. Bayan wata biyar ko shida farashi ya ɗaga, manomin da ya sayar da araha ya dawo yana saye da tsada. Masana a Jami’ar Purdue ta Amurka sun ƙirƙiro wani buhu mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda in aka ɗaure shi tam iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an sa magani ba. Abu ne mai sauƙin kuɗi, amma yana ba manomi ikon jira. Rumbunan zamani masu ba da takardar shaida da banki zai karɓa jingina, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, injin sussuka da na busarwa, hayar tarakta, famfon ban ruwa, duk irin wannan giɓi suke cikewa.

Haka batun sarrafawa. Fiye da rabin ɗanyen kashun duniya a Afirka ake noma shi, amma mafi yawansa da ɓawonsa ake lodawa a jirgi zuwa Biyetnam da Indiya, a can a fasa, a gyara, a sayar wa Turai da Amurka. Kwaddibuwa da Ghana na ba da kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya, manyan kamfanonin cakulan kuwa na Turai da Amurka ne. A 2024 farashin koko ya haura dala 10,000 a tan, amma manoman ƙasashen biyu ba su ga mafi yawan wannan garaɓasa a lokacin ba, domin gwamnati ce ke yanke musu farashi tun farkon kaka, kuma an riga an sayar da kayan tun kafin a girbe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai a yi hattara, kafa masana’anta ba wasa ba ne. Inji na buƙatar wutar da ba ta yankewa da kayan da zai ci duk shekara. Injinan sarrafa amfanin gona da yawa a ƙasashe masu tasowa na aiki ne ƙasa da ƙarfinsu, saboda an gina su kafin a tabbatar da wanda zai kawo musu kaya.

Haɗurran da takardar talla ba ta faɗa

Fari, ambaliya da annobar tsirrai kowa ya san su, kuma sauyin yanayi na ƙara musu ƙarfi. Ruwa ma na neman zama matsala, domin noma ke shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ɗan Adam ke ɗiba. A jihar Punjab ta Indiya, inda ake ba manoma wutar famfo kyauta, rijiyoyi sai ƙara zurfi suke yi.

Amma haɗarin da ya fi saurin karya mai jari daga ofishin gwamnati yake fitowa. Abinci siyasa ne, babu shugaban da zai zuba ido birni ya tashi saboda tsadar burodi. A Afrilun 2022 Indonesiya ta hana fitar da manja na ’yan makonni. A Yulin 2023 Indiya, mai riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin shinkafar duniya, ta hana fitar da wani nau’in farar shinkafa. A 2021 Siri Lanka ta haramta shigo da takin zamani dare ɗaya, amfanin shinkafa ya faɗi, kafin shekarar ta ƙare aka janye dokar, amma ɓarna ta riga ta auku. Wata gwamnatin kuma ta ƙarfafa wa mutane gwiwa su noma, ana gab da girbi ta buɗe iyaka kayan waje masu araha su kwararo.

Yaƙin Rasha da Yukiren, ƙasashen da a tare ke ba da kusan kashi 30 cikin 100 na alkamar da ake fitarwa, ya kai ma’aunin farashin abinci na FAO matsayin da bai taɓa kaiwa ba a Maris na 2022, taki ma ya yi tsada. Ga faɗuwar darajar kuɗi: wanda ya ci bashin dala ya sayi inji, yana sayar da kaya da kuɗin gida, ranar da kuɗin ya karye ribar shekaru ta tafi. Bankunan cikin gida kuwa bashin gajeren lokaci mai kuɗin ruwa da yawa suka fi bayarwa, wanda bai dace da sana’ar da ke juyawa sau ɗaya ko biyu a shekara ba.

Ɓangarorin da ke jayayya

Masu goyon bayan manyan gonaki na cewa matasa na gudun fartanya, birane na cika, kuma gonar da ba ta kai hekta ba ba za ta taɓa fitar da iyali daga talauci ba. Suna da gaskiyarsu. Masu kare ƙananan manoma na amsawa da cewa gonakin duniya sun haura miliyan 570, fiye da kashi 80 cikin 100 ba su kai hekta 2 ba, kuma su ke ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya. In aka ture su gefe, ina masana’antun da za su ɗauke su aiki? Bankin Duniya da kansa ya ce a rahotonsa na 2008 haɓakar da ta fito daga noma ta ninka ta sauran sassa aƙalla sau biyu wajen rage talauci.

Tsaka-tsakin da ake yawan gwadawa shi ne noman kwangila: kamfani ya ba da iri da taki bashi, ya yi alƙawarin saye a kan farashin da aka tsayar. Yakan yi kyau a rake, auduga, taba da kaji. Yakan kuma wargaje, ko dai manomi ya karkatar da kaya ga wanda ya fi ba da farashi, ko kamfani ya ce kayan ba su kai inganci ba in kasuwa ta faɗi. Inda babu kotu mai saurin yanke hukunci ko ƙungiyar manoma mai ƙarfi, takardar ba ta da haƙori.

Gwamnatoci kuwa sun fi kowa iya jawabi. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Maputo a 2003 za su riƙa ware kashi 10 cikin 100 na kasafinsu ga noma, suka sabunta a Malabo a 2014. Ƙalilan ne suka cika. Hanyar karkara, binciken iri, malaman gona da rajistar filaye ba abubuwa ba ne da ɗan kasuwa zai yi, tunda ba zai iya hana maƙwabcinsa amfana da su ba.

Yadda abin zai taɓa talaka

Iyalin da ba su da hali a ƙasa mai tasowa na kashe rabin abin da suke samu ko fiye a kan abinci. Kuma manoma ƙanana da yawa abin da suke saye a shekara ya fi abin da suke sayarwa, don haka tsadar abinci ba lallai ta zame musu alheri ba. Jarin da zai ƙara yawan amfani a hekta ya rage asarar bayan girbi, shi ke iya sauko da farashi ga mai saye ba tare da manomi ya faɗi ba. Wanda aka yi don fitar da kaya waje zalla yakan kawo aikin yi da kuɗin ƙetare, kamar furannin Kenya da Habasha ko ’ya’yan itatuwan Peru, amma yakan zo da rigimar ruwa da fili. Ga kuma sababbin sharuɗɗa: dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta ce koko, gahawa, manja, waken soya, roba, katako da shanu sai an nuna ba daga dajin da aka sare suka fito ba. An ɗage fara aiki da ita, amma ƙaramin manomin da gonarsa ba ta cikin taswira na iya rasa wannan kasuwa.

Saura mai ɗan tarin kuɗi da ake kwaɗaita wa ya sayi kaso a wata gona ta waya. Wasu masu irin wannan harka na gaskiya ne, wasu kuwa gonar a hoto kawai take. Hanyar ganewa ita ce a yi lissafi da kalandar gona. Kazar nama na kai wa sayarwa a mako shida zuwa takwas, masara wata uku zuwa huɗu, koko da kwakwar manja sai sun shekara uku ko huɗu kafin su fara ba da ’ya’ya, kuma a cikin kowace shekara biyar da wuya a rasa guda da ta zo da matsala. Duk wanda ya yanke maka riba mai tsoka da za ka riƙa karɓa kowane wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ka tambaye shi takardar filin, da sunan mai sayen kayan, da inshorar da ta rufe amfanin. In ya kasa nuna su, to da kuɗin waɗanda suka shigo bayanka ake biyanka.